Sharhi kan wani ofishin binciken salsala a Kano da aikin da ya yi mana kan ƙasar Dambatta

Akwai wani ƙaramin ofishi a saman bene, ba nisa da Ƙofar Nasarawa a birnin Kano, wanda sana'arsa ita ce bin salsalar iyali a cikin tsofaffin takardu da kuma bakin dattawa. Mai ofishin malamin tarihi ne da ya ajiye aikin koyarwa, yana da mataimaka biyu, ɗaya ya ƙware a karatun Larabci da ajami na tsohon hannu, ɗayan kuma shi ke kula da ɗaukar hoto da buga rahoto a kwamfuta. Gidanmu ya ba su aikin gano tushen mahaifinmu daga wani ƙauye a ƙasar Dambatta, inda kakanmu ya taso kafin ya shigo birni a zamanin cinikin gyaɗa. Ba zan ambaci sunan ofishin ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai kuma suka, kuma burina shi ne duk mai niyyar ba da irin wannan aiki ya san abin da ya kamata ya tambaya kafin ya zaro kuɗinsa. Hukuncina tun daga farko shi ne aikin ya cancanci abin da muka biya, kuma babban dalilin cancantarsa shi ne malamin ya ƙi sayar mana da abin da ba shi da hujja a kansa.

Tun a zaman farko ya shimfiɗa mana iyakar abin da takarda za ta iya bayarwa, kuma na ga amfanin wannan bayani ƙwarai, domin da yawa daga cikinmu mun zo ne da zaton akwai wani kundi a ajiye wanda aka jera sunayen mutanen kowane ƙauye tun daga kaka da kakanni. Ya nuna mana cewa littattafan tarihin Kano na dā suna bin sarakuna ne tun daga Bagauda, suna ambaton yaƙe-yaƙe da manyan malamai da masu sarauta, amma manomi da masaƙi da marini ba su da gurbi a cikinsu. Kafin Turawa su ci Kano a watan Fabrairun 1903, yawancin hakimai a birni suke zaune, jakadu ne ke zuwa ƙauyuka su karɓo kuɗin ƙasa da zakka da sauran abin da aka ɗora wa talakawa. A zamanin Sarki Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, aka haɗa ƙauyuka aka yi gundumomi, aka umarci hakimai su koma can su zauna, sannan aka fara rubuce-rubucen mulki a kai a kai. Saboda haka takardun karkara an yi su ne domin haraji da shari'a, ba domin a adana nasabar kowa ba, kuma mai neman kakanninsa a cikinsu dole ya haƙura da tsintar abin da ya faɗo a gefen wata buƙata dabam. Ƙidayar jama'a ta 1952 da ta 1963 adadi suka fitar ba sunaye ba, dokokin da suka wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a faɗin Najeriya kuwa na 1979 da 1992 ne, don haka ba su da abin da za su ce game da wanda aka haifa a zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna.

Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne ba su fara da tafiya ko'ina ba, sai da suka sa muka tattaro duk wata takarda da ke cikin gida. Mun kawo tsohuwar adakar kakanmu, a cikinta akwai rasidan haraji da suka yi ja saboda daɗewa, da wasiƙu na ajami, da gafakar Alƙur'aninsa na rubutun hannu. Mataimakin da ya iya tsohon rubutu ya wanke hannunsa ya goge, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya kwance igiyar gafakar a hankali, yana ɗaga warƙa ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu ba da ɗan yatsa ba, domin gefen takardun ya riga ya fara marmashewa. A bayan warƙar ƙarshe, inda mu muka saba ganin wasu layuka na baƙar tawada ba tare da mun iya karanta su ba, ya karanto mana cewa an rubuta haihuwar wani yaro namiji a watan Rajab na shekarar 1332 bayan Hijira, tare da sunan yaron da na mahaifinsa da na kakansa. Ya lissafa a gabanmu ya nuna cewa wannan wata ya faɗo ne tsakanin ƙarshen Mayu da Yunin 1914. Ita kuwa gwaggonmu, wadda ita ce mafi tsufa a gidan, ta sha faɗa mana cewa an haifi kakanmu ne a shekarar Kakalaba, wato babbar yunwar da ta biyo bayan ƙarancin ruwan damina na 1913 ta kuma yi tsanani a 1914. A nan rubutu da riwayar baki suka gaskata juna, kuma layi uku na tawada suka ba mu sunaye uku a jere waɗanda babu wata ma'adanar gwamnati da za ta iya ba mu su. Al'ada ce sananniya ga malaman dā su rubuta haihuwa da rasuwa a gefen littattafansu, kuma malamin ya ce da ita yake fara tambayar kowane gida.

Rasidan harajin ma ba a raina su ba. Kowane rasidi yana ɗauke da sunan mai biya da garinsa da shekara, don haka da aka jera su bi da bi sai aka ga lokacin da sunan ƙauye ya daina fitowa, sunan unguwa a birni ya maye gurbinsa. Tunda gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, gidaje da yawa suka ɗauka waɗannan 'yan takardu ba su da sauran amfani, aka zubar ko aka bar wa gara. Ina roƙon duk wanda ke da ragowarsu ya adana.

Bayan haka ne suka shiga ma'adanai. Sun duba Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Kano suke ƙarƙashin alamar KANOPROF, sun kuma duba abin da ke Gidan Ɗan Hausa a nan Kano, tsohon gidan Hanns Vischer wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano take, sannan suka leƙa Arewa House, wadda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna a Kaduna. Irin takardun da ake nema a nan su ne rahotannin kimanta haraji da jami'an Turawa suka rubuta bayan rangadi, da littattafan bayanin gunduma, da wasiƙun da ke kai-komo tsakanin Razdan da Di'o da fadar Sarki. A cikin irin waɗannan ake samun sunayen ƙauyuka da na dagatai, da yawan masu biyan haraji, da kasuwanni da rijiyoyi da karofi da dabbobi, wani lokaci har da ɗan tarihin kafuwar gari kamar yadda dattawan lokacin suka faɗa wa Bature ta bakin tafinta. Sunan kakanmu bai fito a cikinsu ba, kuma malamin ya riga ya gargaɗe mu cewa da wuya ya fito. Amfanin da muka samu shi ne jerin dagatan ƙauyen, domin dattawan karkara ba sa cewa abu ya faru a shekara kaza, sai dai su ce ya faru a zamanin dagaci wane, kuma idan aka san farkon kowane dagaci da ƙarshensa sai maganar dattijo ta samu ma'auni.

A wannan mataki na ga bambancin wanda ya san aiki da wanda bai sani ba. Turawa sun riƙa rubuta sunan Dambatta da siffofi dabam-dabam, har da Dambarta, haka nan sunayen ƙananan ƙauyuka sun sha sauyawa a alƙalaminsu, saboda haka wanda ya nemi suna da rubutun yau kaɗai zai dawo ya ce babu komai. Iyakoki ma sun motsa. Dambatta mazaunin Sarkin Ban Kano ce, daga gidan Dambazawa, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarki, amma ƙasar da ake kira da wannan suna a farkon ƙarni na 20 ba lallai ta zama ita ce ƙaramar hukumar yau ba, domin an yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, daga baya aka fitar da Makoɗa, sannan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ya raba maƙwabta irin su Kazaure da Ɓaɓura da Jihar Kano. Malamin ya zana mana wannan duka a takarda ɗaya, ya nuna ƙarƙashin wace hukuma ƙauyenmu yake a kowane zamani, kuma da wannan ya san inda zai nemi kowane fayil.

Mafi albarkar takardu ga mai neman dangi su ne na kotunan alƙalai, musamman na rabon gado, kuma a kansu ofishin ya fi ɓata lokaci. Dalilin kuwa a fili yake: ba a raba dukiyar mamaci sai an ƙididdige magada, an ambaci matansa da 'ya'yansa maza da mata da iyayensa idan suna raye, sannan a wancan zamani kotu tana karɓar ushira, wato kashi ɗaya cikin goma na dukiyar, don haka akwai abin da ke sa muhuti, wato magatakardan alƙali, ya rubuta komai dalla-dalla. Wannan tana cikin 'yan kafofin da sunayen mata ke shiga rubutun hukuma, tunda rajistar haraji magidanta maza take bi. Da Larabci ake rubuta yawancinsu, kamar yadda aka rubuta hukunce-hukuncen majalisar shari'a ta Sarki Abbas na 1913 da 1914 waɗanda suka wanzu har yau, kuma kotunan sun kasance a hannun En'e har zuwa 1968 lokacin da gwamnatin jiha ta karɓe su. A cikin wani tsohon kundi irin wannan suka samo mana rabon gadon mahaifin kakanmu, wanda ya ƙunshi gona da jaki da kayan saƙa, kuma a jerin magadan akwai wata 'ya mace da babu wanda ya taɓa jin labarinta a cikinmu, sai daga baya wani dattijo ya tuna cewa an aurar da ita can wajen Ɓaɓura. Ga waɗanda asalinsu ke gundumomin da ke kewaye da birni, malamin ya ce akwai ƙarin kafa, wato takardun taki, na zamanin da malaman taki ke auna gonaki da ƙafa domin a yanka haraji gwargwadon faɗin gona, inda ake rubuta sunan mai kowace gona.

Sunaye su ne babban tarkon wannan aiki. A ƙauye ɗaya ana iya samun masu suna Audu ko Garba ko Mamman fiye da yadda za a ƙirga, mutum ɗaya kuma yana iya fitowa a rubutu da sunan yanka, a bakin jama'a da sunan rana kamar Ɗanladi ko Ɗan'asabe, a cikin gida kuma da sunan alkunya wanda matan gidan suka laƙaba masa don kada su ambaci sunan suruki. Sunan iyali da ake gada daga kaka zuwa jika ba tsohuwar al'adarmu ba ce, shi ya sa da yawa daga cikin 'yan makarantar farko suka ɗauki sunan garinsu. Ƙa'idar malamin ita ce ba ya karɓar suna a matsayin namu sai abu uku sun dace, wato sunan mutumin, da sunan mahaifinsa, da kuma ko dai sana'arsa ko unguwarsa. Na shaida lokacin da ya ajiye wata takarda gefe duk da cewa sunan da ke cikinta ya yi daidai da na kakan kakanmu, kuma mutumin mai riƙe da wata 'yar sarauta ne, abin da zai faranta wa kowa rai. Sunan uba bai dace ba, don haka bai shigar da ita ba. Wannan rana ce na amince da ofishin gaba ɗaya.

Zuwansu ƙauye ya tafi bisa ladabin da ya kamata. Sun fara da ƙofar dagaci, suka cire takalma suka durƙusa da ranka ya daɗe, suka bayyana abin da ya kawo su, suka miƙa goro, sannan dagaci ya haɗa su da mai unguwa da limami. Malamin yana kiran kowane dattijo Baba, limami kuma Allah gafarta Malam, ba ya katse magana ko da mai maganar ya yi nisa da abin da aka tambaye shi. Ya nemi tsohon wanzamin garin, domin wanzamai sun san askar kowane gida, sun san zanen da ke bambanta wannan dangi da wancan, ya kuma nemi wani maroƙi da ya gaji kirarin gidaje daga mahaifinsa. Wata dabararsa da na yaba ita ce ba ya tara dattawa wuri ɗaya, kowa shi kaɗai yake zama da shi, saboda a taro idan babba ya yi magana sauran sukan bi shi ko da sun san akasin haka. Yana kuma tafe da jerin manyan abubuwan da jama'a ke auna shekaru da su: Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, wanda ya tarwatsa garuruwa da yawa, zuwan Turawa, isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, annobar mura ta 1918, hawan Sarki Abdullahi Bayero a 1926, da zuwan Sarauniyar Ingila a 1956. Idan dattijo ya ce mahaifinsa yana kiwon awaki lokacin abu kaza, sai a iya kintata shekarun haihuwarsa ba tare da an yi nisa da gaskiya ba.

Rahoton da suka miƙa mana ya kasa kowane bayani gida uku, kuma wannan shi ne abin da ya fi kowane abu daraja a cikin aikin. Akwai abin da takarda ta tabbatar, an nuna hoton takardar da inda take. Akwai abin da dattawa biyu ko fiye suka faɗa ba tare da sun ji juna ba. Akwai kuma abin da mutum ɗaya ya faɗa, ko wanda ake yaɗawa a gida ba tare da an san mafarinsa ba. Labarin da muka taso muna ji, cewa tushenmu daga Barno wani malami ya zo, ya faɗa kashi na uku, an rubuta shi cikin mutunci, ba a ƙaryata shi ba, ba a kuma gaskata shi ba. Wasu daga cikin iyayenmu ba su ji daɗin wannan ba, suna ganin an biya kuɗi ne domin a ƙarfafa abin da aka gada, amma ni ina tare da malamin, domin 'ya'yanmu za su karanta wannan rahoto bayan ba mu, kuma haƙƙinsu ne su san inda ƙasa take da ƙarfi da inda take da taushi. Ya kuma faɗa mana tun farko cewa binciken karkarar Kano yakan ci karo da maganar bauta, domin a dā akwai gandaye da rinji, wato ƙauyukan bayi, da yawa a ƙasar, akwai takardun fansa a kotuna, kuma sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a dokar Arewa. Ƙa'idarsa ita ce duk abin da ya gano game da wani gida ba ya faɗa wa kowa sai wanda ya ba shi aikin, abin da ya ji game da maƙwabta kuma ba ya shiga rahoto. Ban ji ya karya wannan amana ba ko da a hira.

Sai dai akwai gazawa, kuma ba ƙarama ba ce. Ofishin ba shi da mace ko ɗaya a cikin ma'aikatansa, alhali a karkara tsofaffi mata su ne suka fi riƙe wa ya auri wa, wa ya shayar da wa, wace ce ta fita ta sake aure a ina. Namiji baƙo ba ya wuce zaure, don haka da ba don yayata ta yarda ta bi su ta shiga cikin gidaje da tambayoyin a rubuce ba, da rabin labarin ya salwanta. Ko da hakan, ɓangaren iyaye mata ya fito a rahoton a tsuke, kamar an yi shi ne don cika shafi, kuma wannan naƙasa ce babba ga aikin da ake kira na salsala. Sun kuma wuce wa'adin da suka ɗiba da nisa ba tare da sun kira sun yi bayani ba, sai mu ne ke bibiya. Na san aikin ma'adana ba ya tafiya yadda mutum ke so, amma sanar da mai aiki halin da ake ciki ba ya cin komai. Wasu hotunan takardun an ɗauke su da waya a wuri mai duhu, layukan ƙasa ba sa karantuwa, kuma an buga rahoton ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, abin da ke iya rikita sunan mutum ko na gari a rubutun da aka yi domin tantance sunaye.

Batun kuɗi kuwa, an biya ne kashi-kashi, kafin aiki da tsakiyarsa da ƙarshensa, kuma jimillar ba ta fi ƙarfin dangi ba idan an yi karo-karo. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne ba a rarrabe mana nawa ne ladan aiki, nawa ne kuɗin mota da masauki a Kaduna, nawa ne na goron dattawa ba. Ban zarge su da komai ba, amma wanda zai je ya yi wa 'yan uwa bayanin inda kuɗinsu ya shiga yana buƙatar lissafi a rubuce.

Wannan ofishi zai amfani wanda ya san sunan ƙauyensu, yake da dattijo ko da ɗaya da ke raye, kuma ya shirya karɓar duk abin da bincike ya fitar. Wanda yake neman takardar da zai kafa hujjar neman sarauta ko ya jingina kansa da wani babban gida ba zai samu biyan buƙata a nan ba. Mu dai mun yanke shawarar ba su kashi na biyu na aikin, wato bin sawun 'yar da aka aurar wajen Ɓaɓura da kuma wani ƙanen kakanmu da aka ce ya tafi aikin Hajji a ƙasa ya zauna a Sudan. Na gindaya sharuɗɗa a rubuce kafin mu sa hannu: su ɗauki mace mai bincike, su ba mu lissafin kuɗi a rarrabe, su sake ɗaukar hotunan da ba su fito ba, kuma su miƙa mana muryoyin dattawan da suka naɗa tare da rahoton, domin biyu daga cikin waɗanda aka yi hira da su sun riga sun rasu, Allah ya jiƙansu, kuma har yanzu muryoyinsu a wayar mataimakin kaɗai suke. Malamin ya amince da sharuɗɗan duka, ya kuma ce zai fara da kwafe muryoyin kafin a shiga wani sabon aiki.